Uwar Ɓeraye a Bakin Ƙofa

Shekara ashirin da uku ba wanda ya taɓa riga ta isa cibiyar binciken nan, in ban da mai gadi, shi ma don a nan yake kwana. Takan sauka daga motar farko, ta zagaya ta bayan gini inda ake tara shara, ta gangara matakala goma sha ɗaya zuwa ɗakin ƙasa, ɗakin da babu taga, babu iska sai ta na'ura. A bakin ƙofa take tuɓe takalminta ta sa na roba. Ta wanke hannu har gwiwa da sabulun da take zuwa da shi a jaka, don na ofis ƙamshi gare shi. Ba ta shafa turare, ba ta shafa mai, ko da daga aiki unguwa za ta wuce. Sai ta tsaya ta murza tafukanta har su yi ɗumi, ta tura ƙofa a hankali, ta ce ƙasa-ƙasa:

"Salamu alaikum, masu gida. Kun tashi lafiya?"

Masu gidan ɓeraye ne. Farare da baƙaƙe, ɗari uku da 'yan kai, cikin akwatunan roba masu murfin waya, jere a kan kanta har sun wuce tsawon mutum. Aikinta ta ba su abinci da ruwa, ta sauya musu shimfiɗar dusar katako, ta wanke akwatuna, ta fitar da wanda ya mutu. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye. Da tsiya suka fara. Ta ce ta ji ta karɓa, ai su ma bayin Allah ne, sunan ya bi ta har gida.

Ita za a yi wa jinjina yau. Kuma ba da sanyin murya ba, don abin da aka yi mata bai bar wurin sanyin murya ba. Wanda ya san da hannunsa a ciki, ya gyara zama.

Wanda bai san abin da ake yi a ginin ba, ga shi yadda ita kanta ta ji. Shugaban binciken, wanda kowa ke ce wa Dakta, dogo ne mai yawan mantuwa, yakan nemi tabarau yana sanye da shi. A shekarunta na farko ta tare shi a matakala.

"Dakta, tsakani da Allah, me bayin Allahn nan suka yi muku kuke ɗura musu ruwan taba? Ni dai ban taɓa ganin ɓera ya je kanti ya ce a ba shi kara biyu ba."

Ya yi dariya har da tari, ya kife bokiti ya zauna a kai.

"Inna, a cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai wasu 'yan gurabe da ido ba ya gani. Ki ɗauka kujeru ne. In mutum ya zuƙi taba, sinadarin da ke ciki, nikotin, sai ya je ya zauna a kansu, mutum ya ji daɗi. Yau da gobe ƙwaƙwalwa ta saba, har ta ƙaro kujeru saboda baƙon. Ranar da mutum ya ce ya daina, kujerun su wayi gari ba kowa a kansu, sai su kama kururuwa. Kururuwar ce rawar jiki, da faɗa, da rashin barci. Mu maganin da zai je ya zauna a kujerun ya rarrashe su muke nema, ba tare da ya bugar da mutum ba. Muna saba wa ɓeraye da abin, mu yanke musu, mu ba wasu maganin mu hana wasu, mu ga waɗanda suka fi samun sauƙi. In Allah ya sa mun dace, wataƙila har masu shan ƙwaya su samu rabo."



"To, Dakta," ta ce, "ku yi sauri. Kujerun gidana ma kururuwa suke."

Mijinta take nufi. Tsohon direban babbar mota ne, tun gemu bai fito masa ba yake shan taba don kada barci ya sace shi a hanya. Sau tara yana rantsuwa ya daina, sau tara yana komawa. Ta ga ranar da ya rotsa rediyonsa da bango don mai labarai ya yi tari. Ta ga ranar da ya zagaya tsakar gida tun safe har la'asar yana susar hannu har jini. Ta ga kuma ranar da ta fi tsoro, da ya zauna a bakin gado ya juya wa ƙofa baya, ƙato da shi, yana kuka ba sauti. In ta dawo aiki yakan ɗago ya ce:

"Uwar yara, yaya abokan shan nawa? Su ma an hana su?"

"Tun jiya."

"Allah sarki. Ki ce ina gaishe su, na san abin. Ki kuma gaya wa Daktan naku, in maganin ya fito, ga ɓera mai ƙafa biyu yana jira, ba ya cizo."

"Kai ne ba ka cizo? A tambayi rediyo."

Da wannan idon ta riƙa kallon akwatunan. Akwai wata ɗaliba da ake ce wa Mai Tabarau, tana raye, a je a tambaye ta. Aikinta ta zauna da agogo da takarda tana ƙirga sau nawa ɓera ya karkaɗa ƙafa, sau nawa ya yi susa. Wata safiya ta nuna wani baƙi da ya lafe a kusurwa ta ce wannan kam garau yake, ko motsi bai yi ba. Uwar Ɓeraye ta ajiye tsintsiya.

"'Yata, wannan ya fi kowa shan wuya. Mai rawar jiki faɗa yake yi da abin. Wannan ya sallama. Dubi gashinsa, kwana biyu bai lashe jikinsa ba. Dubi yadda ya ba mu baya."

"Inna, a wane littafi kika gani?"

"A bakin gadona."

Yarinyar ta kai wa Dakta, aka ƙara layi a takardar ƙirga. Har yau layin yana nan. Sunan wa aka rubuta a kai? Ku je ku duba, ku da kuka iya karatu.

Mai gadi ma yana raye. Shi zai ba da labarin ranar hutun da na'urar sanyaya ɗaki ta mutu da tsakar rana, ɗakin ƙasa ya koma tanda. Ba ranar aikinta ba ce, leƙowa ta yi don hankalinta bai kwanta ba. Aka buga wa manya waya, wannan yana hanya, wancan bai ɗauka ba. Ita da mai gadi suka kwashe akwatunan nan biyu-biyu, suka hau matakala goma sha ɗaya, suka sauko, suka hau, har suka jera su a baranda mai inuwa, ta jiƙa mayafinta ta rataya musu. Huɗu kawai suka mutu. Daga ranar bayanta bai sake miƙewa sosai ba. Washegari Dakta ya ce, "Sannu, Inna," ya wuce. Ta ce sannun ta ishe ta.

Yanzu ga abin da ya jawo mata.

Duk ranar sauya shimfiɗa, in ta zuba sabuwar dusa a wankakken akwati, sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya na tsohuwar, daga busasshen gefen da ɓerayen suka yi sheƙa, ta zuba a kusurwa, sannan ta mayar da su. Na kowane akwati nasa, ba ta taɓa haɗawa. Ba wanda ya koya mata. Lura ta yi cewa in aka sa su a sabuwa fil, wuni suke suna zagaye suna cizon juna, mai jego ma takan watsar da 'ya'yanta. In kuwa suka ji warin gidansu, sai su shinshina su kwanta. Dalilin hana kanta turare ke nan, dalilin sabulun jaka ke nan. Ɓera da hanci yake sanin duniya. Manya ba su taɓa gani ba, don kafin su iso da motocinsu ta gama. Abin da suka sani kawai, ɓerayen cibiyarsu natsattsu ne, in an yanke musu taba ana ganin bambanci ƙarara tsakanin wanda aka ba magani da wanda aka hana. Suka ɗauka haka ɓera yake.

Sai aka kawo sabon manaja. Takalminsa ana jin sa tun daga ƙofa, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Ya ce tsafta ya zo kafawa. Sati na biyu ya yi sammako don ya kama masu makara, ya gangara ɗakin ƙasa, ya banka ƙofa, ya tarar da ita da tsohuwar dusa a hannu.

"Ke! Me nake gani haka?"

"Ranka ya daɗe, a hankali, za ka firgita su."

"Kashin ɓera kike mayarwa cikin akwatin da aka wanke?"

"Ba kashi ba ne, sheƙarsu ce. In ka ba ni minti ɗaya..."

"Tun yaushe kike wannan ƙazantar?"

Da ta yi ƙarya da ta tsira. Ta ce, "Tun kana makaranta, ranka ya daɗe."

Kafin azahar ya sa an tara ma'aikata a tsakar cibiya: masu shara, direbobi, ɗalibai, masu farar riga. Ya ɗaga roba mai dusar a sama kamar ya kama ɓarawo da kaya. Ya karanta takarda da ƙarfi: ƙazanta, sakaci, gurɓata gwaji. Ya ce jahilci ba shi da mazauni a wurin bincike. Ya ce ta ajiye takalmin roba ta fita. Saura wata biyar ta yi ritaya.

Tana tsaye, hannunta a baya. Ba ta ji kalmar sakaci ba, ba ta ji gurɓatawa ba. Ɗaya ta ji. Ƙazama. Ita da fatar hannunta ta tsattsage don wanki. Ta duba fuskokin da ta sani shekara da shekaru, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mai Tabarau ta buɗe baki, wani ya taka mata ƙafa. Dakta yana wajen taro a wata ƙasa. Da ya dawo aka gaya masa, ya ce abin gudanarwa ne, ba hurumin bincike ba. Wannan ma a rubuta, kada a ce manaja kaɗai aka tsana.

Maganar ta riga ta isa unguwa, don direbobi ba sa riƙe baki. Matar da ta saba aron tukunyarta ta daina. Wata ta hana jikarta cin abincin gidan. Mijin ya ce a ba shi sanda ya je, ya yunƙura, tari ya mayar da shi zaune.

A cibiya aka ɗauko kamfanin masu goge-goge. Samari da 'yan mata masu riga iri ɗaya, ba laifinsu, abin da aka ce su yi suka yi. Suka wanke ɗakin da ruwa mai ƙamshin lemo, suka zuba dusa sabuwa fil, suka kunna waƙa a waya. Ɗaki ya yi ƙal. Ɓeraye suka haukace. Wanda aka ba magani rawar jiki, wanda aka hana rawar jiki, wanda bai taɓa ɗanɗana taba ba shi ma rawar jiki. Aka ce maganin ne ya lalace, aka sake haɗawa. Aka ce irin ɓerayen ne, aka sayo wasu. Aka ce ɗalibai ne ba su iya ƙirga ba. Shekara ɗaya da rabi masu digiri suna zagaye kamar ɓerayen nasu, har Mai Tabarau ta saci jiki ta zuba tsohuwar dusa a akwati shida ba ta gaya wa kowa ba. Kwana uku, shidan suka kwanta. Ta shiga ofishin Dakta ba sallama ta ce, "Ranka ya daɗe, mu muka kori gwajinmu da hannunmu."

Dakta ya zo gidan Uwar Ɓeraye da kansa, a ba shi wannan. Ya sunkuya ya shiga ƙofar da ta yi masa gajarta, ya tarar da maigidan a jingine da matashi uku, numfashinsa kamar ana jan zarto.

"Kai ne mai kujerun?" in ji maigidan.

"Ni ne, Baba."

"To zauna, namu na katako ne, ba sa kururuwa."

Dakta ya zauna, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Inna, mun yi kuskure. Ki gaya min yadda kike yi."

'Yarta ta fari tana bakin ƙofa, ta ce, "Inna, kar ki faɗa. Su fara janye takardar." Kuma gaskiyar 'yar ce. Duk wanda aka yi wa haka, da ya riƙe abinsa gam sai an wanke shi. Ita kuwa ta kalli ƙirjin mijinta yana hawa yana sauka, ta gyara ɗankwali, ta fara. Daga wane gefe ake ɗiba. Nawa ake ɗiba. A ɗumama hannu. Kada a ɗaga ɓera ta wutsiya in ana iya tallafo shi. Kada a sauya shimfiɗa ranar gwaji. Dakta ya cika shafi huɗu da rubutu. Da zai tashi, maigidan ya riƙo bakin rigarsa.

"Maganin fa?"

"Da saura, Baba."

"Saura nawa?"

Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sunkuya ya fita.

Bayan wata biyu aka binne maigidan. Ba wanda ya ce maganin nasu zai tashe shi, ƙirjin ya riga ya ƙone, kuma har yau ba a san ko maganin zai yi ba. Amma irinsa nawa ne a gidaje, da mata nawa ne ke ɓoye rediyo? 'Ya'ya nawa ne ƙwaya ta kwantar a bayan kasuwa, uwayensu na jiran a ce an samo wani abu? Shekara ɗaya da rabi aka sace wa waɗannan, saboda mutum ɗaya bai iya sauraron tsohuwa na minti ɗaya ba.

Shafi huɗun nan an buga su da inji, an manna a bangon ɗakin ƙasa cikin gilashi. A sama an rubuta sabon tsarin kula da dabbobi. A ƙasa sa hannun manaja ne. Takardar ƙazanta kuwa tana nan cikin fayil, ba wanda ya taɓa ta.

Watan jiya Dakta ya aika mata, wai ma'aikatan kamfani sun karanta bango amma hannunsu bai gane ba, ta taimaka ta zo ta nuna musu. 'Yarta ta ce in ta je ba ta yafe ba. Ta je. Ta sauka daga mota, tana dafe da baya, ta doshi ƙofa. Mai gadi ya fito ya tsaya a gabanta, mutumin da suka kwashi akwatuna tare.

"Yaya," ya ce, "ki yafe ni. Hotonki na cikin na waɗanda aka kora. Umarni ne, ko tsakar cibiya kada ki taka. In na bar ki, ni ma yau ce ranata."

"Na sani, ƙanena. Yi aikinka. Ka ci abinci kuwa? Ka rame."

Aka kira Dakta, ya fito da gudu, ya buga wa manaja waya. Manaja yana taro. Aka sake bugawa. Har yanzu yana taro. Dakta ya tsaya ta ciki, ita ta waje, ƙarfen ƙofa a tsakaninsu, ya ce ta koma gida sai an daidaita.

"Daidaitawarku shekara take ci," ta ce. "A fito min da akwati biyu da babu kowa a ciki, da dusa, tsohuwa da sabuwa. A kira yaran."

A nan bakin titi, kan siminti, cikin rana, ta durƙusa da bayan nan nata. Ma'aikata bakwai suka kewaye ta, masu wucewa na tsayawa kallo. Ta kama hannun kowannensu ta cusa cikin dusa, ta ce ji nan, wannan jiƙaƙƙe ne, zubarwa ake yi. Ji nan, wannan busasshe mai laushi, shi ne gida. Ta shinshina wuyan wani saurayi ta ce, "Ɗana, wannan turaren ka adana wa budurwa, ɓera ba ya aurenka." Aka yi dariya, mai gadi ya juya baya yana share ido. Awa biyu ta yi. Da ta gama sai da mutum biyu suka ɗaga ta.

Dakta ya ce, "Inna, zan sa a rubuto miki takardar ban-haƙuri, a kawo har gida."

"Ba na so."

"To me kike so?"

"A tara mutanen da aka tara, a tsakar gidan da aka tara su. Wanda ya karanta waccan ya karanta wannan, da ƙarfin da ya karanta waccan. Ni ba na karatu, Dakta. Da kunne aka ɓata ni."

Ke ce, Uwar Ɓeraye, mai hannu mai ɗumi. Ke ce kika ga mijinki a fuskar ɗan ɓera kika tausaya wa duka biyun. Ke ce aka kira jahila, masu ilimi suka zo tsakar gidanki da biro. An riƙe miki suna, ke ba ki riƙe musu sani ba, kuma mu da ba mu da haƙurinki mun ji haushin hakan, har gobe muna ji. Mun gode. Matan mashaya sun gode, ko ba su san ki ba. In wata rana maganin nan ya fito, aka ga wani ya ajiye taba bai fasa komai ba, bai yi kuka a bakin gado ba, to da cikin hannunki a ciki, a rubuta ko kada a rubuta. Allah ya saka miki, ya jiƙan direba, ya sassauta miki bayan nan.

Ku masu shara da masu wanki da masu ɗaukar bokiti, ku yi koyi da ita: ku buɗe ido a kan aikinku, ku san shi fiye da wanda ya ba ku. Ku masu farar riga, in kun ga tsohuwa na yin abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku tara jama'a.

Kai kuma manaja, tsakar gidan tana nan, ma'aikatan suna nan, muryarka mun san ƙarfinta. Taron naka ya isa haka. Matar tana gida, bayanta ya tafi, idonta ya fara hazo, amma kunnenta ƙalau yake. Ka fito ka karanta tun tana ji.